Yadda Ake Samun Lasisin Malamin Laburare a Makarantun Amurka

A Amurka, wanda ke riƙe da laburaren makarantar gwamnati malami ne a idon doka. A yawancin gundumomi ana biyansa bisa tsarin albashin malamai, yana koyar da yara yadda ake bincike da tantance labari, yana zaɓen littattafan da za a saya, sau da yawa kuma kwamfutocin ɗalibai ma a wuyansa suke. Kamar kowane malamin aji, ba ya kama aiki sai da lasisi. Lasisin nan kuwa ba gwamnatin tarayya ke bayarwa ba. Harkar ilimi a hannun jihohi 50 take, da birnin Washington, kuma kowace da nata ƙa'idojin. Daga nan yawancin masu nema ke yin tuntuɓe: su fara da zaɓen jami'a, su biya kuɗin digiri, sai bayan sun gama su gano cewa jihar da suke zaune ba ta yarda da kwas ɗin ba. Hanyar da ke fid da mutum ita ce ya fara daga jiha, sannan ya komo kan jami'a.

Mataki na farko: tsayar da jihar da za ka yi aiki

Kafin ka cika fom ɗin kowace jami'a, shiga shafin hukumar ilimi ta jihar, ka nemo sashen lasisin malamai. Sunan muƙamin ya bambanta, don haka ka san abin da za ka rubuta a wurin bincike. A New York ana cewa Library Media Specialist, a New Jersey School Library Media Specialist, a Texas School Librarian, a Kalifoniya Teacher Librarian, a Florida kuma Educational Media Specialist. Aikin ɗaya ne. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, AASL, ta koma amfani da School Librarian tun 2010, amma jihohi da dama sun ci gaba da tsohon suna a takardunsu.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: dole ne sai ka taɓa zama malamin aji, ko ana iya shiga kai tsaye? Amsarta na iya ƙara maka shekara biyu ko uku a hanya.

Texas na son abu huɗu: digiri na biyu, shekara biyu ta koyarwa a aji, kammala kwas ɗin da hukumar ilimin jihar ta amince da shi, da cin jarrabawar jihar. Wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ba, komai digirinsa, sai ya fara da aji. Kalifoniya ta bi ta wata hanya: sai ka riga ka mallaki lasisin koyarwa na jihar, sannan ka ɗora na laburare a kansa, ta hanyar kwas ɗin da CTC, hukumar ba da lasisin malamai ta jihar, ta amince da shi. A can lasisin laburare ba ya tsayawa da ƙafarsa. Idan na koyarwa ya mutu, shi ma ya tafi. New York kuwa ba ta ce sai ka taɓa koyarwa ba. Mai digirin farko a tarihi ko lissafi yana iya shiga digiri na biyu na ilimin laburare mai reshen makarantu, a haɗa masa darussan koyarwa a ciki, ya fito da lasisi. New Jersey na da hawa biyu: cikakken lasisi ga mai digiri na biyu, da ƙarami, na mataimakin ƙwararre, ga mai digirin farko da ya ɗauki wasu kwasa-kwasai na gaba da digiri. Akwai ma jihohin da malamin da ke da lasisi zai ci jarrabawa ɗaya kawai a ƙara masa laburare a takardarsa. A ganina wannan gajeriyar hanya na samar da takarda, amma ba ta samar da gwani. Wanda ya bi ta yakan sha wuya a shekararsa ta farko, ranar da aka miƙa masa kasafin kuɗi da kundin littattafai dubu goma.

Tun a wannan mataki ka duba ko akwai aikin ma a inda kake. Wani bincike da Keith Curry Lance da Debra Kachel suka jagoranta ya nuna guraben malaman laburare a makarantun ƙasar sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a shekaru goma da suka biyo bayan 2010. A 2023 hukumar makarantun Houston ta soke muƙamin a makarantu 28. Kalifoniya na cikin jihohin da suka fi ƙarancin malaman laburare idan an gwada da yawan ɗalibai. A ɗaya ɓangaren, dokar New York ta wajabta wa makarantun sakandare ɗaukar mai lasisi, kodayake ba ta wajabta wa firamare ba, kuma a Janairun 2023 Gwamna Phil Murphy na New Jersey ya sa hannu kan dokar da ta sa koyar da tantance bayanai ya zama dole tun daga ajin yara har ƙarshen sakandare. Inda doka ta ce dole, can aiki ya fi tabbata.

Mataki na biyu: a auna takardunka

Wanda ya yi digirinsa a Amurka, abin da ke gabansa shi ne ya sa jami'arsa ta aika da tiransikirif kai tsaye. Wanda ya yi a waje, a ce Zariya ko Kano ko Yamai ko Legon, sai an auna masa digirin an faɗi daidai da me yake a tsarin Amurka. Kamfanoni masu zaman kansu ke wannan aiki, irin su WES da ECE, kuma yawancin waɗanda ake karɓa 'yan ƙungiyar NACES ne. Abu biyu za ka kiyaye. Na ɗaya, ka nemi awon da ake bi kwas-kwas, mai nuna kiredit da makin kowane darasi, domin awon dunƙule mai cewa "wannan digirin farko ne" ba ya wadatar da hukumar lasisi. Na biyu, jami'a da hukumar jiha kowace na da jerin kamfanonin da take karɓa. Ka zaɓi wanda ke cikin jerin duka biyun, kada ka biya sau biyu. Ka kuma fara da wuri, domin fitar da tiransikirif daga tsohuwar makaranta ba aikin mako guda ba ne, duk wanda ya taɓa nema ya sani.

Mai digirin farko na ilimin laburare daga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa sashenta tun ƙarshen shekarun 1960, ko daga Jami'ar Bayero, ya riga ya san Dewey, wato tsarin ba littattafai lamba, da katalogi, kuma hakan zai sauƙaƙa masa karatu ƙwarai. Sai dai a Amurka digiri na biyu ne ƙofar sana'ar. Rajistar LRCN ko ta TRCN, hukumomin rajistar ma'aikatan laburare da na malamai a Najeriya, ba ta zama lasisi a can. Amma kada ka yar da takardun shekarun da ka koyar: wasiƙar ɗaukar aiki, da wata daga shugaban makaranta mai nuna ranar farawa da ranar bari da ajin da ka riƙe. Ka rubuta wa hukumar jihar ka tambaya ko za ta lissafa su, ka adana amsar a rubuce. Wasu jihohi da jami'o'i kuma za su nemi jarrabawar Turanci ta TOEFL ko da da Turanci ka yi karatunka. Wannan ba wurin gardama ba ne, ka duba ƙa'idar kawai.

Mataki na uku: zaɓen kwas

Nan ne kuɗi ke salwanta, don haka a tsaya a nutsu. Akwai amincewa iri biyu, kuma mutane na ɗauka ɗaya ce.

Ta farko ita ce ta ALA, ƙungiyar laburare ta Amurka, wadda aka kafa a 1876, mai hedikwata a Chicago. Ita ke tantance digiri na biyu na ilimin laburare, wanda ake kira MLS ko MLIS, a jami'o'in Amurka da Kanada. Digirin da ke da hatiminta yana buɗe ƙofar laburaren jami'a da na jama'a. Akwai kuma digirin da ake yi a tsangayar ilimi, wanda AASL ke amincewa da shi tare da CAEP, hukumar tantance kwasa-kwasan horar da malamai da aka samar a 2013. AASL na ɗaukar duka biyun a matsayin shiri mai kyau ga aikin makaranta.

Ta biyu, wadda ita ce ke haifar da lasisi, ita ce amincewar jiha. Jami'a na iya samun hatimin ALA, amma kai ka bi reshen adana tsoffin takardu ko na sarrafa bayanai, ka gama ba tare da darasin koyarwa ko gwaji a makaranta ba. Digirinka na da kyau, lasisi kuwa babu. Saboda haka tambayar da za ka yi wa jami'in ɗaukar ɗalibai ba "kuna da hatimin ALA?" kaɗai ba ce. Ka ce masa: idan na kammala wannan reshe, za ku tura sunana ga hukumar ilimi ta jiha kaza don a ba ni lasisi? Tun 2020 dokar tarayya ta wajabta wa jami'o'i su bayyana ko kwas ɗinsu ya cika sharuɗɗan lasisi a jihar da ɗalibi yake, kuma yawanci akwai shafi na musamman a kan haka. Ka karanta shi kafin ka biya ko sisi. Cinikin biri a sama ba na wannan harka ba ne.

Idan za ka iya samun wanda ya haɗa biyun, hatimin ALA da amincewar jiha, shi nake ba da shawara. Dalili kuwa, gunduma na iya rage ma'aikata a kowace shekara, kuma mai digirin ALA zai iya komawa laburaren gari ko na kwaleji ba tare da sabon karatu ba. Jami'o'in da suka yi suna a wannan reshe sun haɗa da Syracuse a New York, Rutgers a New Jersey, Jami'ar Arewacin Texas da Texas Woman's University, duka biyun a garin Denton, da San José State a Kalifoniya, wadda karatunta gaba ɗaya ta intanet ake yi. Yawanci kiredit 36 zuwa 43 ne, kimanin shekara biyu ga wanda ba ya wani aiki, uku ko fiye ga malamin da ke karatu da dare.

Maganar intanet ta kawo mu kan biza. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1, darasi ɗaya kacal na intanet ake lissafa masa a zango cikin cikakken nauyin karatunsa, don haka kwas ɗin da duka ta intanet ake yi ba ya samar da I-20, takardar da jami'a ke bayarwa don neman wannan biza. Kana iya zama a gida ka yi darussan daga nesa, amma gwajin aiki sai a makarantar da jami'a ta yarda da ita, kuma lasisi shi kaɗai ba izinin aiki ba ne a ƙasar. Gaskiyar magana, wannan hanya ta fi dacewa da wanda ya riga ya zauna a can da takardar zama ta dindindin ko ya zama ɗan ƙasa, kamar 'yan uwanmu da ke Bronx ko Houston. Su ne kuma ke iya cika fom ɗin FAFSA don rancen gwamnati, da neman tallafin Spectrum na ALA, kuma aikin makarantar gwamnati na shiga tsarin yafe ragowar rance bayan biyan wata-wata sau 120.

Mataki na huɗu: karatu da gwajin aiki

Darussan sun ƙunshi tsara littattafai da katalogi, gina kundin laburare, adabin yara da na matasa, fasahar koyarwa, tsara darasi, da gudanar da laburare. Duk ana ɗora su a kan ma'aunin AASL, mai ginshiƙai shida da suka shafi bincike, shigar da kowa, haɗin gwiwa, tacewa da tsara bayanai, gwada sabon abu, da amfani da bayani bisa amana.

Wanda ya girma a wata ƙasa, adabin yaran ne zai fi ba shi aiki. Abokan karatunka sun tashi da waɗannan littattafai tun suna goye, kai kuwa yau ka fara jin sunayensu. Maganinsa katin laburaren unguwa, kyauta ne. Ka ɗauki jerin littattafan da suka ci lambar Newbery, wadda ake bayarwa tun 1922, da Caldecott ta littattafan hoto tun 1938, da lambar Coretta Scott King, ka riƙa karanta su a kai a kai tun kafin a fara zango. Yaro ɗan shekara tara zai zo ya ce ya gama kaza, me zai karanta kuma? Ba kwamfuta yake so ta ba shi amsa ba.

Gwajin aiki ana yin sa ƙarƙashin malamin laburare mai lasisi. Texas ta yanka awa 160. New York na son ka taɓa firamare ka taɓa sakandare, tunda lasisin ya shafi kowane aji. Da rana ake yi, lokacin da makaranta ke buɗe, don haka mai wani aiki ya shirya hutunsa da aljihunsa tun da wuri, domin galibi ba a biya. Kada ka yarda a bar ka da jera littattafai da buga lamba. Ka roƙi a ba ka darasi ka koyar, ka zauna da malamin aji ku tsara aikin bincike tare, ka koyi manhajar da suke amfani da ita, wadda a makarantu da yawa Destiny ce ta kamfanin Follett, ka kuma sa hannu a aikin tsame tsoffin littattafai. Duk abin da ka yi ka adana shaidarsa. Jakar nan ita za ka buɗe ranar ganawar neman aiki, kuma wanda ya kula da kai shi zai rubuta maka wasiƙar shaida.

Mataki na biyar: jarrabawa

Jihohi da yawa na amfani da Praxis, ta hukumar ETS. Tsohuwar jarrabawar laburare lambarta 5311, sabuwar 5312; ka tabbatar da wadda jiharka ke karɓa kafin ka yi rajista. Tambayoyi 120 ne na zaɓi cikin awa biyu, ana ba da maki tsakanin 100 da 200, kuma kowace jiha ita ke yanke makin cinta. Manyan jihohi kuwa nasu suke yi: Texas na da TExES, inda ake ci da 240, Florida na da FTCE, Jojiya na da GACE, New York na da jarrabawar fanni da wata mai suna EAS, kan koyar da kowane irin ɗalibi, har da masu buƙata ta musamman da waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne.

Ba Dewey ke kayar da mutane ba. Abin da ke kayarwa shi ne doka da tambayoyin "me za ka fara yi". Ka san FERPA ta 1974 kan sirrin bayanan ɗalibi, CIPA ta 2000 da ta ɗaura tallafin intanet na tarayya da sanya matatar shafuka, da sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976, mai bayanin iyakar abin da malami zai kwafa ba tare da izini ba. Ka san shari'ar Pico ta 1982, wadda ta taso daga gundumar Island Trees a New York, inda alƙalan Kotun Ƙoli suka rarrabu, amma ra'ayin da ya jagoranci hukuncin ya ce hukumar makaranta ba ta da ikon cire littafi daga laburare don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki.

Wannan batu ba na jarrabawa kaɗai ba ne. ALA ta ce a 2023 an ƙalubalanci littattafai 4,240 a makarantu da laburaren jama'a, kuma Florida ta yi doka a 2022 da ta ɗora zaɓen littattafan makaranta a wuyan mai lasisin laburare, tare da horo na dole. Idan uba ya zo da ƙorafi, amsar da ake so, a takarda da a aikace, ita ce ka saurare shi da ladabi, ka ba shi fom ɗin neman sake duba littafin, ka sanar da shugaban makaranta, a bi rubutacciyar ƙa'idar gunduma da dokar jiha. Ba kai kaɗai ke cirewa ba, ba kai kaɗai ke hanawa ba. Ya kamata mutum ya yi wa kansa hisabi tun yanzu, domin a kan kanta za a sami littattafan da ba su dace da tarbiyyarsa ko aƙidarsa ba, kuma aikin bai ba shi damar ɓoye su a aljihun tebur ba. Wanda ya san ba zai iya ba, gara ya gane kafin ya ci bashin karatu.

Mataki na shida: yatsu, bita da fom

Kowace jiha na ɗaukar zanen yatsu a bincika tarihin mutum a kundin jiha da na FBI, kuma sau da yawa tun kafin gwajin aiki ake nema. Idan fom ya tambayi wani tsohon laifi, ka faɗi gaskiya. Ɓoyewa ta fi laifin kansa saurin hana lasisi. New York ta ƙara bita uku: gane alamun cin zarafin yara, hana tashin hankali a makaranta, da bitar awa shida ta dokar DASA kan tsangwama da wariya. Ta shafin TEACH ake neman lasisin a can. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a fasfo da digiri da rajistar jarrabawa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari da ya shiga wata takarda bai shiga wata ba, ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni. Gundumomi sun fi ɗaukar ma'aikata daga bazara zuwa Agusta, don haka ka miƙa takardunka da zarar jami'a ta tura sunanka. Inda ake ƙarancin ma'aikata, wasu jihohi na ba da lasisin wucin gadi ka fara aiki kana ƙarasa karatu; ka tambayi ofishin ma'aikata na gundumar.

Bayan lasisi ya fito

Na farko yawanci mai wa'adi ne. A New York shekara biyar yake yi, a cikinsu ka tara shekara uku ta aiki, ɗaya ƙarƙashin mai yi maka jagora, sannan ka nemi na ƙwararru, wanda ke buƙatar awa 100 ta ƙarin horo duk shekara biyar. A Texas awa 200 ce duk shekara biyar. Ka buɗe fayil tun ranar farko ka riƙa jefa takardar kowace bita a ciki. Bayan wasu shekaru kana iya neman shaidar NBPTS, hukumar ƙasa mai tabbatar da ƙwarewar malamai, a fannin laburare. Ba dole ba ce, kuma akwai aiki a cikinta, amma jihohi da gundumomi da dama na ƙara albashi saboda ita.

Idan ƙaura ta kama ka zuwa wata jiha, akwai yarjejeniyar NASDTEC da yawancin jihohi suka sa wa hannu. Tana sa sabuwar jiha ta duba lasisinka, ba ta tilasta mata ta karɓe shi yadda yake. Mai lasisin New York da bai taɓa riƙe aji ba, idan ya nufi jihar da ke son lasisin koyarwa ko shekarun aji, yana iya tarar da sharaɗin na jiransa, ko a ce ya sake jarrabawa. Ka nemi lasisin sabuwar jihar tun kana kan aikinka na yanzu, kuma kada ka bar tsohon ya mutu kafin sabon ya fito, domin jihohi da dama mai rai kaɗai suke dubawa.